Shaidar Tafiya da Alamar Gida: Daga Durɓi Zuwa Kasuwar Mai'adua

A ƙasashen Turai, tun daga ƙarni na 12 har zuwa farkon ƙarni na 16, Kiristan da ya je ziyarar wani wuri mai tsarki a addininsa yakan dawo da 'yar ƙaramar lamba ta dalma ɗinke a hularsa, shaidar cewa ƙafarsa ta taka wurin. Barorin manyan gidajen sarauta su ma suna da tasu lambar a ƙirji ko a hannun riga, wadda take sanar da kowa gidan da suke ci suke sha. Waɗannan lambobi iri biyu, ta ziyara da ta barantaka, yau sun zama kayan tarihi da ake nema ruwa a jallo, ana jera su a gidajen adana kayan tarihi, ana kuma yin gwanjonsu. Ƙasar Hausa ba ta yi irin wannan zubin dalma ba, amma ta san buƙatun nan biyu sarai: matafiyi yana son shaidar inda ya je, bara kuma yana son a san ubangidansa. Hanyar da ta taso daga Katsina, ta ratsa Daura, ta faɗa Mai'adua har bakin iyaka a Kongolam, ta isa ta nuna wa mai lura inda Bahaushe ya ajiye tasa shaidar, da abin da ya rage daga cikinta.

Lambar masu ziyara

Ana yin lambar ne da dalma haɗe da kuza. Maƙeri yakan sassaƙa zanen a jikin dutse mai taushi, ya haɗa ɓari biyu, ya kwarara narkakken ƙarfe, kafin a ce kwabo lamba ta fito. Galibinsu ba su kai faɗin tafin hannun yaro ba, kuma suna da 'yan kunnuwa na ɗinki ko allura a baya. Kowane wurin ziyara da nasa zanen. Mai zuwa Santiyago a arewacin Sifen yakan dawo da ɓawon wata halittar teku mai siffar mafici. Mai zuwa Kantabari a Ingila yakan dawo da hoton kan Tomas Beket, babban limamin cocin da aka kashe a 1170, ko kuma 'yar ƙaramar gora ta dalma da aka zuba wa ruwan wurin aka matse bakinta. A birnin Aken na Jamus cunkoso ya kai har wasu ba sa iya matsawa kusa, sai aka riƙa sanya ɗan madubi a jikin lambar don a ɗaga shi daga nesa. Yohanas Gutanbag, wanda daga baya ya shahara da na'urar buga littattafai, ya taɓa shiga sana'ar yin irin waɗannan madubai wajen 1438.

Araharsu ce ta sa suka yawaita. A Ainsidel ta ƙasar Suwizalan, an sayar da kimanin 130,000 cikin mako biyu kacal a 1466. Ciniki ya mutu a Ingila bayan Sarki Henri na Takwas ya sa an rushe hubbaren Beket a 1538. Abin da ya hana lambobin ɓacewa ƙurmus shi ne taɓon kogi, domin dalmar da ta nutse a laka inda iska ba ta shiga takan yi ɗaruruwan shekaru ba ta lalace ba. Da aka yashe kogin Sen a Faris a tsakiyar ƙarni na 19, wani ɗan kasuwa mai suna Arto Forje ya tattara su da yawa ya wallafa bayaninsu. Kogin Tems na Landan ma har gobe yana amayo su idan ruwa ya janye. Jami'ar Radbud da ke Naimegen a Holan tana da rumbun bayanai mai suna Kunera, inda aka tara bayanan dubban lambobi tare da wurin da aka tsinci kowace. Wannan bayani na wurin tsintuwa shi ne rabin darajar abin, kuma shi ne darasin da zangon farko na tafiyar nan yake koyarwa.

Zangon Durɓi ta Kusheyi

Motar da ta bar Katsina ta nufi gabas tana da tafiyar kimanin kilomita 80 kafin Daura. Ƙasar shimfiɗaɗɗiya ce, gonakin gero da dawa da wake hagu da dama, gawo da kuka jefi-jefi, jakuna da amalanken shanu suna bin gefen kwalta. Wanda ya ratse zuwa ƙasar Mani zai tarar da Durɓi ta Kusheyi, inda wasu tuddai suke zaune a fili, waɗanda tarihin baka ya ce kaburburan sarakunan Katsina na dauri ne. Baturen mulki Palmer ya sa an buɗe wasu a 1907, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko. A 1992 aka sake tona wasu, aka fito da kayan da ke jikin mamatan tare da ƙasar da ta lulluɓe su, daga baya aka kai su birnin Mainz na Jamus aka tsabtace su a tsanake.

An sami awarwaron hauren giwa, da wuri, da duwatsun ado, da kayan zinariya, da tasoshin tagulla waɗanda masana suka danganta aikin wasunsu da ƙasashen Musulmi na gabas. Binciken ya nuna kaburburan sun faɗo tsakanin ƙarni na 13 da na 16, wato daidai lokacin da ake zubin lambobin dalma a Turai. Tasar tagulla da ta ƙetare sahara ta zo ta kwanta kusa da wani basarake a ƙasar Katsina shaidar tafiya ce, ko da ba a san wanda ya ɗauko ta ba. Da wani ne ya haƙo ta cikin dare ya kai kasuwa, da yanzu tsohuwar tasa ce kawai, ba mai iya cewa ga inda ta fito ko ga zamaninta. Saboda an rubuta inda take kwance da abin da ke kusa da ita, sai ta zama hujjar cinikin da ya haɗa Katsina da duniya tun kafin zuwan Turawa da ɗaruruwan shekaru.

Zangon Kusugu

A tsakiyar tsohon birnin Daura, cikin unguwanni masu lunguna, rijiyar Kusugu take, an kewaye ta da gini an yi mata rufi. Baƙo yakan sunkuya ya leƙa, a jefa masa guga, a miƙo masa ruwa ya kurɓa, wasu kuma su ɗura a gora su tafi da shi gida. Labarin da ake bayarwa a bakin rijiyar sananne ne: macijiya ta hana ɗibar ruwa sai ranar Juma'a, baƙo Bayajidda ya sauka a gidan tsohuwa Ayana, ya nemi ruwa aka ce babu, ya tafi cikin dare ya sare kan macijiyar da wuƙar da maƙeran Gaya suka ƙera masa. Akwai wata gaɓa a labarin da ta dace da zancen nan. Da gari ya waye, Magajiya Daurama ta nemi wanda ya yi aikin, mazaje da dama suka ce su ne. Abin da ya raba gardama shi ne kan macijiyar, wanda baƙon ya ajiye ya fito da shi a gaban jama'a. Tun a tushen tarihin Hausa Bakwai ke nan aka kafa cewa wanda ya ce ya je, sai ya nuna abin da ya zo da shi.

Wuƙar da ake dangantawa da Bayajidda tana cikin kayan sarautar da fadar Daura take riƙe da su. Waɗannan kaya, da tambura, ba na sayarwa ba ne kuma ba na mutum ɗaya ba ne. Darajarsu tana tare da sarautar. Masarautar ta ga sauyi mai yawa: a 1805 mutanen jihadi ƙarƙashin Malam Isiyaku suka karɓi birnin, gidan Sarkin Gwari Abdu ya fita, zuriyarsa suka kafa mazauni a Zango da Ɓaure, har zuwa 1906 da Turawa suka maido da Malam Musa daga Zango ya zauna a Daura. Bayansa Sarki Abdurrahman ya yi mulki daga 1911 zuwa 1966, sai Muhammadu Bashar har 2007, sannan Umar Faruk Umar. Duk wannan kai-komo, kayan sarauta da labarinsu sun tsira ne domin akwai masu riƙonsu na gado, kowa ya san abin da ke hannunsa da abin da zai faɗa a kansa.

Ƙofar fada da alamar barantaka

A ƙofar fadar Daura, abin da ido yake fara kamawa shi ne dogarai cikin manyan riguna ja da kore, da rawuna masu nauyi. Ba sai an tambaya ba: wanda ya sa wannan tufa, da bakin sarki yake magana. Ranar hawan salla ko Sallar Gani, wadda Daura ta yi suna da ita a watan Rabi'ul Awwal, abin yakan fito fili sosai. Kowane hakimi yana tafe da ayarinsa, 'yan lifidi da 'yan sulke da zagage da masu algaita, kuma 'yan kallo daga nesa sukan gane tawagar wane ce ta launin kaya da kiɗan take. Alkyabba, da rawani mai kunne biyu, da takalmin gashin jimina, kowanne yana faɗar matsayi. A Kano har a fata aka rubuta alamar, domin bayin sarki na da an san su da tsagar uku-uku a gefen baki.

Wannan aiki ne lambar barantaka ta yi a Ingila. Sarki Ricad na Biyu ya raba wa mutanensa lambar farar barewa. Gidan Lankasta sun riƙi wani farin tsuntsun ruwa mai dogon wuya, ɗan'uwan dinya. A 1965, masu tono a garin Danstabul suka ci karo da irin wannan tsuntsu na zinariya da aka lulluɓe da farin fenti na gilashi, tsayinsa bai wuce santimita 3 da 'yan kai ba, da kambi a wuyansa da sarƙa. An ƙera shi wajen 1400, yanzu yana Gidan Tarihi na Birtaniya a Landan. Na manya ke nan. Na ƙananan barori kuwa na dalma ne ko na ƙyalle. A 1483 Sarki Ricad na Uku ya sa a yi masa lambobin ƙyalle 13,000 masu hoton farin aladen daji, don bikin naɗa ɗansa a birnin Yok. Bayan shekara biyu aka kashe Ricad a yaƙin Boswat, kuma a 2009 aka tsinci 'yar lambar aladen ta azurfa a wani fili, abin da ya taimaka wa masana wajen tantance inda aka gwabza.

Lambar ta kuma zama abin tsoro, domin mai sanye da ita yakan taka talaka ya fake da sunan ubangidansa. Majalisar Ingila ta sha kuka da haka, aka kafa dokar taƙaita raba ta a 1390, aka ƙara tsaurarawa a 1504. Talakan ƙasar Hausa na zamanin En'e ya san irin wannan nauyi a jikin jar hular ɗan doka da rigar dogari. Da siyasar jam'iyyu ta zo, sai alamar biyayya ta koma ƙaramin bajo da ake maƙalawa a aljihu: fartanyar NPC da tauraron NEPU a Jamhuriya ta Farko, gida da masara na NPN da mabuɗin PRP a ta Biyu. A wancan lokaci bajo ɗaya ya isa ya jawo wa mutum abinci ko ɗauri. Waɗannan su ne mafi kusa da lambar barantaka ta ƙarfe da ƙasar Hausa ta mallaka, kuma kaɗan ne suka damu da ajiye su.

Ranar Lahadi a Mai'adua

Daga Daura zuwa Mai'adua ba a cika rabin awa a mota ba. Mai'adua ɗaya ce daga ƙananan hukumomi biyar na masarautar, tare da Daura da Sandamu da Zango da Ɓaure, kuma arewacinta ya jingina da Jamhuriyar Nijar. Kasuwarta tana ci ranar Lahadi, kuma sunanta ya kai kudancin Najeriya saboda kara. Tun da hantsi ƙura take tashi: raƙuma sun durƙusa a gefe, bijimai masu manyan ƙahoni, raguna balami da uda, awaki jajaye, dillalai suna kama hannun mai saye suna jan shi gefe, ana albarka ana sallamawa, manyan motoci suna jiran lodi. Ana jin Hausar Damagaram da ta Daura da Fulatanci da yaren Buzaye a rumfa ɗaya, ana canjin naira da sefa a tsaye.

Mai neman tsofaffin kaya ba a kara zai tsaya ba. Wurinsa shi ne layin 'yan koli da maƙeran fari, masu aikin azurfa da tagulla. Ɗan koli yakan baje tabarma ya jera allura da madubi da kwalli da carbi da zobba, a gefe kuma wani lokaci akwai ɗan gwangwani da ya tara tarkace. Idan aka zazzage shi a tafin hannu, akan ga kwabo mai huji da anini, kuɗin da Turawa suka fara bugawa a 1907, da tauraro mai ƙusurwa shida a gefe ɗaya da rubutun Larabci a ɗayan. Akan ga tsohon sule, da maɓallin kakin soja, da kan tandun kwalli da ya rabu da gindinsa. Wanda ya yi sa'a yakan ga liyari, babban kuɗin azurfa mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya, wanda fatake suka shigo da shi ta sahara, mata suka huda shi suka rataya a wuya ko suka ba maƙeri ya narka ya yi musu mundaye.

A nan ne tarihi yake zuwa ya mutu ba tare da kowa ya yi niyya ba. Tsohuwa ta rasu, an buɗe adakarta an raba gado. Zannuwa an san mai su, kwalla da tasoshi an san mai su, sai ɗan ƙullin tsumma da ke can ƙasa, mai ɗauke da zoben azurfa da ya sha jiki da wata 'yar gora ta ƙarfe da ta lotse. Jikokin ba su san cewa kakan kakansu ne ya zo da su daga Makka a ƙafa ba. Zoben yakan tafi wurin maƙeri a auna shi a sikeli, gorar kuma ta bi 'yan gwangwan a musanya ta da robar wanki. Turawa taɓon kogi ya ajiye musu nasu; a nan kuwa wutar maƙera takan sake haihuwar azurfa sau goma, kowane zubi yana shafe labarin wanda ya gabace shi.

Kongolam da hanyar gabas

Gaba kaɗan da garin Mai'adua ake isa Kongolam, bakin iyaka, inda titi ya miƙe zuwa Ɗan Barto da Matamaye har Damagaram. Iyakar ta samo asali ne daga shatar da Ingila da Faransa suka yi tsakanin 1906 da 1908. Kafin ita, ayarin fatake da na mahajjata suna ratsa wannan ƙasa ba mai tambayarsu takarda. Aikin hajji daga Afirka ta Yamma tsoho ne: Mansa Musa na Mali ya je a 1324, sarakunan Kanem kuwa tun a ƙarni na 13 suna da masauki na ɗalibai da mahajjata a Alƙahira. Talakan ƙasar Hausa ya fi bin hanyar gabas, ta Barno da Wadai da Darfur zuwa bakin Nilu, daga nan zuwa Sawakin a gaɓar Bahar Maliya, a shiga jirgin ruwa zuwa Jidda.

Tafiya ce ta shekaru. Mutum yakan yi wasiyya, ya nemi gafarar dangi, ya ɗauki iyalinsa, su yi damina a wani gari su yi noma, su sayar su ƙara gaba. Da aka buɗe gonakin auduga na Jazira a Sudan a 1925, da yawa sun yi ƙwadago a can don tara guzuri, wasu kuma suka zauna ɗungurungum. Garin Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu mutanen da suka yi hijira tare da Sarkin Musulmi Attahiru ne suka kafa shi, bayan an kashe Attahiru a Burmi a 1903. A 1921 Sarkin Katsina Dikko ya tafi ta jirgin ruwa, ya biya ta Ingila. A 1948 wasu attajiran Kano, Muhammadu Nagoda da Haruna Kasim da Ibrahim Musa Gashash, suka kafa kamfanin jigilar alhazai da motoci, sannan jirgin sama ya zo ya mai da tafiyar shekaru ta koma ta awoyi.

Wanda ya sha wannan wahala ya dawo, babbar lambarsa ita ce sunansa. Daga ranar ya zama Alhaji, mace kuma ta zama Hajiya, kuma sunan yana binsu har kabari. Sai haƙorin Makka na zinariya ko na azurfa, wanda murmushi ɗaya ya isa ya bayyana shi. Sai tsaraba: ruwan Zamzam, dabino, carbi, darduma, hula, turare, kwalli, zobe. A da akan kawo Zamzam a 'yan gwangwanaye da aka liƙe bakinsu da dalma, masu kama a siffa da gorar Kantabari, ko da yake aƙidar da ke bayansu daban take. Bambanci mafi girma shi ne tsarabar alhaji ta rabo ce. Masu zuwa barka da sauka kowa yakan sami kurɓi ɗaya da dabino biyu, a shafa sauran ruwan a fuska, wani kuma a ajiye don yayyafa wa likkafani. Shaidar da aka sha aka cinye ba ta barin abin tono, amma ta ratsa gidaje arba'in.

Duniyar Musulmi ta san shaidar takarda ma. An sami tarin takardun shaidar hajji a babban masallacin Dimashƙu, na ƙarni na 11 zuwa na 14, wasu da zanen Ka'aba da Arfa da sa hannun shaidu, galibi na waɗanda aka yi wa aikin a madadinsu. Yanzu suna gidan tarihi a Istambul. 'Yan'uwansu a ƙasar Hausa su ne tsohon fasfon alhazai mai hatimin Sudan da Jidda, da katin rigakafi, da rasiɗin jirgi. Na yau kuma su ne atamfar bai-ɗaya da jaka da katin wuya da alhazai suke karɓa ta hannun hukumomin jiha da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, wadda aka kafa a 2006. Abin da ake gani kamar tarkace bana, shi ne kayan tarihin jikoki.

Jabu da doka

Duk inda tsohon abu ya yi kuɗi, jabu yana biye. A Landan, daga 1857, wasu mutum biyu, Wiliyam Simit da Cals Iton, waɗanda aka fi sani da Bili da Cali, sun riƙa zuba lambobin dalma suna jiƙa su da ruwan batir da laka, suna cewa a wurin haƙar tashar jirgin ruwa ta Shadwel suka tsinta. Ba su iya karatu ba, don haka rubutun da ke jiki shirme ne, shekarun kuma an rubuta su da irin alƙaluman da ba a amfani da su a Ingila a zamanin da suke iƙirari. Duk da haka sun sayar da dubbai, har maganar ta kai kotu a 1858. Liyari ma yana da nasa tarko: kusan duk wanda za a gani yana ɗauke da shekarar 1780, domin an ci gaba da buga shi da wannan shekara har ƙarni na 20 da bayansa. Shekarar da ke jikin ƙarfe ba ita ce shekarunsa ba. Masana sukan duba nauyi, da sawun zubi, da irin cin da hannu ya yi wa abin, sannan su nemi sanin hannun da ya bi kafin ya iso.

A Ingila, mai tono a gaɓar Tems sai da izinin hukumar tashar jiragen ruwa ta Landan, kuma akwai tsari tun 1997 na rubuta abin da jama'a suka tsinta. A Najeriya, dokar 1979 da ta kafa Hukumar Kula da Gidajen Tarihi da Wuraren Tarihi ta Ƙasa ita ce madogara. Ta ɗauki aikin hannu na gargajiya da aka yi kafin 1918 a matsayin kayan tarihi, ta hana saye da sayar da shi sai ta hannun hukumar ko wakilinta, ta hana fitar da shi waje ba da izini ba, ta kuma hana tono ba da lasisi ba. A gari irin Mai'adua, inda kaya suke iya ƙetare iyaka a cikin buhun gero, wannan doka tana da muhimmanci ƙwarai.

Wanda ya gaji irin waɗannan kaya yana da abin yi mai sauƙi. Kada a goge tsohon ƙarfe da toka ko yashi, domin dattin da ke jikinsa yana cikin shaidarsa. A nisanta takarda da laima da gara, a naɗe ta a farin ƙyalle mai tsabta. A zauna da tsofaffin gida tun suna raye, a rubuta sunan wanda ya kawo abin, da shekarar ko sarkin da ke mulki a lokacin, da hanyar da ya bi, a ajiye rubutun tare da shi, da boko ko da ajami. Wanda ya ga ba zai iya riƙewa ba, akwai gidan tarihi na ƙasa a Katsina, a ginin tsohuwar Kwalejin Katsina, akwai kuma Gidan Makama a Kano, inda ake karɓar irin waɗannan kaya a rubuta sunan gidan da suka fito.